Azarar Sarki Wari

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Safar na shekara ta 1187 bayan Hijira, wadda ta zo daidai da huɗu ga watan Mayu na 1773, Birnin Tarna yana da ƙofofi shida da gidaje masu bene guda huɗu. Uku daga cikinsu na sarauta ne: fadar Sarki, gidan Galadima da gidan Magajiya. Na huɗun kuwa na wani farke ne, Madugu Cindo, wanda ya shekara ashirin da biyu yana jan ayari tsakanin Tarna da Gwanja, kuma duk abin da goro ya ba shi sai da ya mayar da shi tubali da azara.

Gidan yana Unguwar Fatake, jifa ɗaya daga ganuwa, dab da Ƙofar Yamma. Wanda ya zo daga kasuwa, abin da zai fara gani shi ne zankwaye takwas a kan soro, tsaye kamar kunnuwan zomaye, sa'an nan bangon da ake shafe shi da makuba kowace bazara har ya yi ja-ja-ja yana ƙyalli. Kaurin bangon daga ƙasa kamu uku ne. Zaure uku ake ratsawa kafin a kai tsakar gida. Na farkon shi ne abin alfaharin Madugu: babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa, bakan gizo huɗu ne suka taso daga bango suka haɗu a sama suka ɗauke rufin, ga shi kuwa yana cin baƙi arba'in da shimfiɗunsu. Ƙofofin zaurukan ba sa kallon juna, domin kada idon mai wucewa ya kai ga matan gida, kuma kowace ƙofa ta fi wadda ta gabace ta gajarta, har ta ukun sai mutum ya sunkuya. A kan zaure na biyu aka ɗora benen. Wanda ya hau samansa yana hango bayan ganuwa har fadama, kuma kowa a birni yana hango shi.

A Tarna talaka ba ya gina bene, komai dukiyarsa, sai idan Sarki ya ba shi azara ɗaya daga cikin na fada. Sarki Wari ya ba Madugu Cindo wannan azara a shekarar da Madugu ya shigo masa da dawaki daga arewa, ana tsakiyar ƙarancinsu. Ba aike ya yi da ita ba, don al'ada ba ta yarda ba. Da kansa ya zo, ya sauka daga doki a ƙofar gida, ya shiga babu takobi babu dogari, kamar kowane baƙo, ya ɗora ta a kan ƙofar zauren farko da hannunsa, an naɗe ta da jar fata. Daga ranar gidan ya shiga amanar sarauta. Babu mai rushe shi, sai idan wani sarki ya shigo yadda wancan ya shigo, ya zare azarar da hannunsa.

A wannan Talatar da muka ambata, Sarki Wari ya shekara uku a kabari, ɗansa Jatau ke kan gado, rundunar Sarkin Burdo kuma ta yi sansani a hayin kogi, a cikin kurmin giginyar da Tarna ke saran azara. Da hantsi manzon Burdo ya shigo fada, ya ajiye kibiya da ƙwaryar gero a gaban Sarki, ya ce ubangijinsa ya ce a zaɓi ɗaya, yaƙi ko haraji, kafin ruwan farko ya sauka. Bai kai ƙofar birni ba wajen komawa sai zankon ƙofar fada na dama ya karye ya faɗo, babu iska babu yayyafi, ya tarwatse a inda dogarai ke zama. Kafin azahar wani bafade ya isa Unguwar Fatake ya ce Sarki yana kiran Madugu.

Madugu ya tarar da majalisa a cike. Ya cire takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa, dogarai suka amsa masa, ya koma can ƙarshen shimfiɗa inda masu dukiya marasa rawani ke zama. Kaura Ɗankande, shugaban mayaƙa, shi ke magana.

"Allah ya ba ka nasara, ni ba na tsoron Burdawa a fili. Abin da ke hana ni barci shi ne ganuwa ta arewa. Daminar bara ta cinye ta har mutum a kan raƙumi yana iya leƙowa, ƙyauren Ƙofar Gabas kuma gara ta gama da sakatarsa. Ƙasa muna da ita, hannaye muna da su. Azara ce babu, ga giginyarmu can Burdawa suna ɗaure dawaki a gindinta."

Galadima Barmo ya gyara zama. Dattijo ne fari, mai taushin murya, wanda ya yi wa sarakuna biyu hidima kafin wannan.

"Zaki, Kaura ya faɗi gaskiya, sai dai ya tsaya a rabinta. Azara tana cikin birnin nan, a jere, a bushe, babu wadda gara ta taɓa. Gida ɗaya ya ishe mu ganuwa da ƙyaure har a yi saura." Bai dubi Madugu ba, amma kowa ya duba. "Sa'an nan ga abin da ya faru da safen nan. Ruwa ba ya tsami banza. Tun kakanninmu, zankon fada bai taɓa faɗuwa da rani ba. Ni ban yi karatun taurari ba, amma na san idan kan talaka ya yi daidai da kan Sarki, ɗaya daga cikinsu zai sunkuya."

Sarki Jatau ya ɗaga ido. "Madugu, ka ji."

"Na ji, ranka ya daɗe." Madugu ya miƙe gwiwa bisa ƙasa. "Gidan nan mahaifinka ya sa masa albarka. A cikinsa aka sauke malaman Barno, a cikinsa fataken Asbin ke kwana su tashi su ce Tarna birni ce. Idan azara ake so, ina da rumbuna da turakun dabbobi, a kwashe nasu yau. Ina da 'yan ayari da yaƙi ya tare a gidana, maharba ne waɗanda suka saba da 'yan fashin hanyar Gwanja, na ba Kaura su. Amma zauren da aka shekara biyu ana ɗaure bakansa, idan aka zare shi ba mai iya mayar da shi, don maginin da ya yi shi ya rasu."

"Azarar rumbu," in ji Galadima, yana murmushi, "ita za ta tare dawakin Burdo? Madugu uban tafiya, ka saba da ciniki. Nan kuwa ba kasuwa ba ce."

"Gidan Galadima ma bene ne, Allah ya ja kwananka," in ji Madugu.

Wani daga cikin fadawa ya yi tari don ya ɓoye dariya.

"Gidan Galadima na sarauta ne," in ji Galadima, ba tare da muryarsa ta sauya ba. "Ni ɗan haya ne a cikinsa. Idan Zaki ya ce a fara da shi, da hannuna zan ɗauki gatari."

Alƙalin birni ya yi gyaran murya. "Kafin a yi nisa, akwai azarar Sarki Wari a kan ƙofar nan. Ba a rushe gidan da umarni, ko da umarnin Sarki ne. Sai Sarki ya je da kansa, babu takobi babu dogari, ya zare ta."

"To, sai Zaki ya je," in ji Galadima. "Tafiyar ba ta kai nisan masallacin Idi ba. Ni zan riƙe fada kamar yadda aka saba idan Sarki ya fita, kuma ni zan tara ma'aikatan da za su yi rushewar, don kada a ɗauke wa Kaura ko mutum ɗaya daga kan ganuwa."

Kaura ya girgiza kai. "Abokan gaba a hayi, Sarki a lungu babu makami? Ni ban so wannan ba. A bar azarar, zan toshe ganuwa da ƙaya."

Galadima ya ce, "Ashe har a cikin birninsa Kaura yana ji wa Zaki tsoro? Mahaifinsa ya shiga gidan nan a shekarar yaƙi, bai tambayi kowa ba."

Madugu yana kallon fuskar Sarki ya ga maganar ta shiga. Shekara uku ke nan ana auna saurayin nan da mahaifinsa a kowace majalisa, kullum kuma ma'aunin a hannun Galadima yake.

"Jibi, Alhamis, da hantsi," in ji Sarki. "Madugu, ka kwashe iyalinka da kayanka. Idan Allah ya ba mu nasara zan ba ka fili."

Dogarai suka ɗauka da ƙarfi: Sarki ya gama magana.

Da Madugu ya koma gida bai wuce zauren farko ba. Ya zauna a tsakiyarsa ya ɗaga kai yana kallon inda bakunan suka haɗu. A nan uwargidansa Tabawa ta same shi, da ƙwaryar fura a hannu, domin labari ya riga shi isowa.

"An ce ka gaya wa Galadima gidansa ma bene ne."

"Na gaya masa."

"To, ai ka huta. Da ka yi shiru, da ciwon ya zama biyu." Ta ajiye ƙwaryar. "Maigida, ni ba inda za ni. Shekara goma sha tara ina share gidan nan. Idan za a rushe shi, a rushe ina kallo, in san wanda ya fara."

"Sarki ne zai fara."

"Sarki zai zare itace ɗaya. Wanda ya fara yana can yana shafa gemu."

Madugu ya sa aka kwashe tufafi da tukwane zuwa gidan ƙanensa, aka kai yara da tsofaffi. 'Yan ayarin kuwa, da yake Kaura bai aiko a karɓe su ba tukuna, suka zauna a tsakar gida da kwarinsu da bakunansu a rataye, suna jiran inda za a ce su koma.

Ranar Alhamis rana ta fito da zafi, sama fari fat. Madugu ya sa babbar rigarsa ta saƙi, wadda ya sa ranar da aka ɗora azarar, ya tsaya a ƙofar gida. Ma'aikatan da Galadima ya tara sun riga sun iso, sun fi mutum ɗari, da gatura da sanduna. Ya dube su sau ɗaya, ya kawar da kai saboda baƙin ciki. Sa'an nan wani abu ya sa ya sake dubawa.

Madugu ya ga rushe-rushe da yawa a rayuwarsa. Masu rushe gida sukan zo da kwanduna da gammo, su nemi inuwa su zauna suna gardamar abincin rana, mata kuma su taru a baya suna jiran guntayen itace. Waɗannan babu kwando ko ɗaya a cikinsu. Babu wanda ya zauna. Sun rabu kashi uku, kowane kashi ya tsaya a bakin lungu, kuma idanunsu ba a kan soro suke ba, a kan hanyar fada suke. Ya taɓa ganin irin wannan tsayuwa a mashigin wani kogi a ƙasar Borgu, ranar da ya rasa jakuna sittin da ƙanen mahaifiyarsa.

Kafin ya gama tunani Sarki ya ƙaraso. Kamar yadda al'ada ta ce, dogarai sun tsaya tun daga bakin kasuwa. Shamaki ne kaɗai ke riƙe da linzami, sai Sarkin Kakaki da kakakinsa a kafaɗa, don shi ba a lissafa shi cikin masu makami. Sarki ya sauka, ya kwance takobinsa ya miƙa wa Shamaki.

"Salamu alaikum, masu gida."

"Wa alaikumus salam. Baƙo ya shigo," in ji Madugu, yadda aka faɗa wa Sarki Wari. Sa'an nan ya ƙara abin da ba ya cikin al'ada: "Sarkin Kakaki, rana ta yi zafi, shigo ka sha ruwa. Shamaki, kai ma."

Shamaki ya ce shi zai tsaya da doki. Madugu bai sake ganinsa da rai ba.

A cikin zaure an ajiye turmi a kife a ƙarƙashin ƙofa don Sarki ya taka. Sarki Jatau ya tsaya yana kallon rufin, da alama bai taɓa shigowa ba. "Ashe haka yake," ya ce a hankali. Ya taka turmin, ya kai hannu kan jar fatar.

A daidai nan tambari ya tashi daga fada. Ba kiɗan fitar Sarki ba ne, ba na yaƙi ba ne. Bugu ne ɗaya-ɗaya mai nauyi, da dogon shiru a tsakani, wanda duk mutumin Tarna ya ji shi shekara uku da suka wuce. Hannun Sarki ya tsaya a kan azarar.

"Wa ya mutu?" ya tambaya.

"Kai, ranka ya daɗe," in ji Madugu, ya riga ya kai ga ƙyaure. Ya tura shi da kafaɗa, ya zura sakata, gatarin farko ya sauka a kan itacen daga waje. Ya ɗaga murya ya kira 'yan ayarinsa da kiran da suke yi a daji idan an tare hanya, suka fito da gudu da bakuna a hannu.

Ya ja Sarki suka ratsa zaure na biyu, suka hau matakala zuwa saman bene. Daga can birni duka yana shimfiɗe a gabansu, kuma abin da Galadima ya shirya ya bayyana kamar zane a ƙasa. An rufe ƙofar fada. Mahaya suna zagaya unguwanni suna shelar cewa farke ya kashe Sarki a zaurensa don kada a rushe masa gida. A kan ganuwa mayaƙan Kaura sun fara saukowa ƙungiya-ƙungiya, wasu sun nufi fada, wasu gidajensu. Can gabas wasu mutane suna kokawa da ƙyauren Ƙofar Gabas daga ciki, a hayin kogi kuma dawakin Burdo sun riga sun shiga ruwa.

"Ba azara Galadima yake so ba," in ji Sarki. "Ni yake so a waje da fada."

"Tun Talata ya kamata in gane, ranka ya daɗe. Baƙin cikin gida ya rufe mini ido."

A ƙasa ƙyauren farko ya tsage. Mutanen Galadima suka kwararo cikin zaure daga hasken rana, duhu ya makantar da su, suka nufi gaba inda suke zaton ƙofa take suka ci karo da bango. Ƙofa ta biyu tana gefen hagu, maharba kuma suna durƙushe a cikinta. Zauren da aka gina don baƙi arba'in ya cika da mutum sittin waɗanda ba su da wurin ɗaga gatari. Waɗanda suka kutsa zaure na biyu suka tarar da ƙofa ta uku, wadda ba a shigarta sai an miƙa wuya, a bayanta kuwa akwai mutane biyu da takubba da Tabawa da taɓarya. Na waje suka jefa wuta a kan soro, ƙasa ta ƙi ci, sai rumfar jakuna ce ta kama. Amma Madugu ya san lissafin kibau. Gidan zai riƙe su zuwa azahar. Ƙofar Gabas ba za ta kai azahar ba.

Sarki ya tsaya a bakin soro ya ɗaga hannu yana kiran sunan Kaura. Muryarsa ta ɓace a cikin tambari da ihu. Daga ganuwa, mutum a kan bene mutum ne kawai cikin farar riga.

"Babu mai yarda ina da rai sai ya ji kakaki," in ji Sarki.

Sarkin Kakaki ya riga ya haɗa kakakinsa, amma bai kai shi baki ba. Ya dubi Sarki, ya dubi Madugu, ya sunkuyar da kai.

"Madugu," in ji Sarki, "ka san abin da kakaki ke yi wa gida. Soron da aka busa wa Sarki kakaki a kansa ya zama fada, shi da abin da ke ƙarƙashinsa, har abada. Ko ni ba ni da ikon mayar maka. Na shigo gidanka baƙo, kuma baƙo ba ya ba da umarni a gidan mutane. Kai za ka faɗa."

Madugu ya dafa zanko ɗaya. Makubar ta yi zafi a tafin hannunsa. Ya tuna shekarar da aka kwaɓa ƙasar bangon nan, da yadda ya riƙa tsayawa kan magina har suka sa masa suna Sarkin Gaggawa, da ɗakin da ke ƙarƙashin ƙafarsa inda aka haifi 'ya'yansa shida. Idan ya yi shiru, wataƙila Kaura ya gane da kansa, wataƙila wani ya tsallake katanga ya kai labari, gidan kuma ya zauna nasa, domin bayan yau babu sarkin da zai sake kai hannu kan jar fatar nan. Ya dubi gabas. Ƙyauren ya buɗe faɗin mutum ɗaya.

Tabawa ta hauro matakala tana haki, ɗankwalinta a hannu. Ta ji ƙarshen maganar.

"Maigida, me kake jira? Ka ce in shekara goma sha tara ina yi wa Sarkin Burdo shara?"

Madugu ya cire hannunsa daga zankon. "Ranka ya daɗe, ɗazu ka zo ka kwantar da gidan nan. Gara ya tsaya a hannunka da ya kwanta a nawa. Sarkin Kakaki, busa."

Kakakin ya tashi, dogo, mai kauri, ya ratsa Unguwar Fatake ya bugi ganuwa ya dawo. Aka sake busawa. A bugu na uku tambarin fada ya yi tuntuɓe ya yi shiru, domin makaɗan ma mutanen Tarna ne, kuma sun san ba a busa wa gawa kakaki. Mayaƙan da suka sauko daga ganuwa suka tsaya cak a tituna suna ɗaga kai. Sarki ya warware amawalinsa ya buɗe fuska, abin da sarkin Tarna ba ya yi a bainar jama'a, ya tsaya tsakanin zankwaye biyu inda kowa zai gan shi.

Masu ba da labarin wannan rana sun saɓa a kan abin da Kaura ya fara yi. Zuriyarsa suna cewa tun bugun tambari na farko bai yarda ba, yana kan hanyar Ƙofar Gabas kakaki ya same shi. Mutanen Unguwar Fatake suna cewa ya riga ya juya kan dokinsa zuwa fada don yin mubaya'a. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne ya isa Ƙofar Gabas dawakin Burdo na gaba sun shigo ba su kai ashirin ba, ya auka musu a cikin soron ƙofar inda ba su da filin juyawa, aka mayar da ƙyaure a kan gawarwakinsu, aka tokare shi da turame da gawar doki. Sauran rundunar Burdo, waɗanda aka yi wa alkawarin ƙofa a buɗe da birni babu sarki, suka tsaya a ƙarƙashin ganuwa kibau na zubo musu, kafin la'asar suka koma hayi. Mutanen da ke cikin zauren Madugu kuwa, da suka ji sawun dogarai a bayansu, suka zubar da gatura. An kama Galadima Barmo a ƙofar bayan fada, a cikin tufafin mai tallan gishiri.

Da yamma aka wanke zauren farko, aka shimfiɗa kilishi, Sarki Jatau ya zauna a ƙarƙashin inda bakunan suka haɗu, Kaura a damansa, Alƙali a hagunsa. Madugu ya fita ya raka gawar Shamaki da ta mutum bakwai daga cikin 'yan ayarinsa. Da ya dawo ya nufi ƙofa kamar yadda ya saba, yana tunanin ruwan wanka. Wani dogari, baƙon fuska, ya gitta masa sanda.

"Tsaya, malam. Wa za a ce wa Sarki?"

Madugu ya dubi ƙyauren da ya tsage, ya dubi dogarin. Sai ya sunkuya ya cire takalminsa.

"Ka ce Cindo ne, farke, ya zo gaisuwa."

An gyara ganuwar arewa da azarar gidan Galadima kafin ruwan farko, Burdawa kuma suka tashi da damina ba su sake dawowa ba a zamanin Jatau. Sarki Jatau ya yi mulki daga gidan Unguwar Fatake shekara ashirin da shida, sarakuna biyar kuma suka bi bayansa a cikinsa. Madugu Cindo ya karɓi fili a kudancin kasuwa ya gina gida mai zaure ɗaya, ya koma jan ayari, ya rasu a hanyar Gwanja a shekara ta 1194.